Kwanon Tuwo a Filin Harra

Dillalin da ya yi mini hanyar zuwa Madina ya rantse mini da Allah cewa keken ɗinki na kaina yana can yana jirana, a shago mai sanyi, ina ɗinki ina jin kiran salla ta ko'ina. Kiran sallar kam gaskiya ne. Sauran duk iska ce. Abin da na tarar shi ne dutsen guga da tulin fararen riguna a ƙuryar wani shago a unguwar Harra ta Yamma. Ni Habu, da na yi shekara da shekaru ina tela a Funtuwa, har layi ake yi mini in salla ta matso, wai ni ne na koma ɗan guga da sa maɓalli! Na kira dillalin in ji ba'asi, wayarsa a kashe. Har yau a kashe take. Na yi masa Allah ya isa na huta.

Ɗakin da aka sauke ni a unguwar Ranuna yake, ni da wasu 'yan Bangaladash da Bayamale guda. Ba na jin su, ba sa ji na. Larabcina na karatu ne, in na buɗe baki sai a yi ta murmushi kamar na tashi yin huɗuba. Akwai wani dattijo cikin 'yan Bangaladash ɗin, shi ya lura ba na cin abinci sosai. Kullum sai ya turo mini shinkafa da miyar wakensu mai ruwa-ruwa, ya nuna bakinsa da yatsa, ya zare mini ido. Ina ci don kunyarsa. Allah ya saka masa da alheri, amma wallahi cikina tuwo yake nema. Da safe gurasa da wake, da rana shinkafa, da yamma shinkafa. Sai da na kai ina mafarkin miyar kuka. In kewar gida ta taru, sai in shiga mota in tafi Masallacin Annabi, in yi sallama, in zauna ƙarƙashin manyan lemomin nan har zuciyata ta yi sanyi. Da haka na yi ta lallaɓawa.

Wata Juma'a bayan la'asar, ba aiki, na ƙi komawa ɗaki. Ina ta gararamba a bayan gidajen Harra, wajen baƙaƙen duwatsun nan, sai na ji wata murya ta tsaga iska:

"Kai Faisal, ba shi ƙwallon mana! Ta gidanku ce? Yalla!"

Na tsaya cak. Hausa! Na bi muryar da sauri har ina tuntuɓe. Fili ne aka kwashe duwatsunsa, aka kafa raga da bututun ruwa, samari suna ta gudu cikin ƙura. Mai ihun wani tsoho ne a kujerar roba, da usur rataye a wuya. Shi ne Baba Usman, Bahaushen Sudan, mai gyaran famfo. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato za su hajji suka zauna a hanya, shi ya ƙaraso da ƙuruciyarsa. Shi ya kafa ƙungiyar don 'ya'yan Hausawa haifaffun Madina, waɗanda suke jin Hausa sarai amma in ka yi musu magana da Larabci za su ba ka amsa.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙare mini kallo.

"Daga ina?"

"Funtuwa, Baba."

"Kana bugawa?"

"Baba, ai tambayar ma raini ce. A unguwarmu in na ɗauki ƙwallo gola addu'a yake farawa."

Ya tuntsire da dariya har usur na rawa a ƙirjinsa. "To bismilla, shiga mu ga addu'ar."

Ba ni da takalmi, da ƙafa na shiga. Na zura biyu kafin a tashi, tafin ƙafata ya yayyage ban ma sani ba. Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Ana busa tashi na ga an shimfiɗa leda a gefen fili, kowane saurayi ya nufi inda ya ajiye ƙunshinsa ya ɗauko kwano. Ashe al'adarsu ce tun ranar da aka kafa ƙungiyar: duk wanda zai buga, uwarsa ko matarsa za ta haɗo shi da kwano, in an tashi a haɗa a ci tare kafin magariba. Aka fara buɗewa. Asida irin ta Sudan, kisira, shinkafa da nama, sai Faisal, ɗan wasan gabansu, ya ɗaga murfin nasa. Tuwo ne, mulmula-mulmula, da miyar kuka har da man shanu.

Jama'a, ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Ƙato da ni, ga gemu. Faisal ya tsorata, ya tambayi Baba da Larabci ko yaji ne ya yi yawa. Baba ya ce, "Bar shi, gida ya tuna." Ya turo mini kwanon gabana gaba ɗaya. Ranar a ƙafa na koma Ranuna, ina tafe ina waƙa.

Daga nan rayuwata ta koma Juma'a zuwa Juma'a. Guga ba ta ƙara damuna ba. In mai shago ya yi mini faɗa sai in ce tayyib, wato to, in ci gaba da abina, ina lissafin saura kwana kaɗan. Faisal ya ba ni tsohon takalminsa. Sauran suka sa mini suna Funtuwa, ko a titi aka gan ni sai a leƙo ta tagar mota a kwaɗa mini kira. Mutum bai san daɗin a kira sunansa ba sai ya zauna inda ba wanda ya iya faɗinsa.

Matsalar ƙungiyar guda ce: 'yan Uhudu. Su ma Hausawa ne, can arewacin gari, kuma sun mai da mu abin wasa. Duk haɗuwa sai sun lallasa mu, su bi mu da waƙar tsiya har bakin mota. Bayan wani duka da suka yi mana, Faisal da kansa ya dafa ni ya ce da Larabci, "Funtuwa, babu irinka a garin nan? Nemo mana." Baba ma ya gyaɗa kai. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗora mini. Aike na aka yi, na kuwa isar.

Na samo Nura, Bakano, ɗalibi a jami'ar Musulunci, ɗan baya ne da in ya tare ka sai ka ji kamar ka yi karo da bango. Nura ya jawo abokansa ɗalibai, 'yan Zariya, 'yan Damagaram, 'yan Jos. Na samo Idrisa, ɗan Cadi mai aikin walda, gola mai tsawon tsiya. Duk sun iya ƙwallo, duk kuma yunwar tuwo ke cin su kamar ni. Muka fara ci. Kai, muka fara ci ba ƙaƙƙautawa! Duk wanda ya zo sai mu yi masa ruwan ƙwallaye. Baba ya riƙa cire 'yan gida ɗaya bayan ɗaya yana sa baƙi, don wa zai ajiye wanda ya iya ya sa wanda bai iya ba? Har Faisal ya koma zama a kan dutse yana kallo, ni na gaje gurbinsa.

Ba wanda ya lura da ledar. Wanda aka ajiye sau biyu sau uku sai ya daina zuwa, in bai zo ba kuwa kwanonsa bai zo ba. Baki na ƙaruwa, kwanuka na raguwa. Muna ta murnar ci, muna ta rage loma.

Sai ranar da muka haɗu da 'yan Uhudu. Baƙi tara Baba ya zuba, 'yan gida biyu kacal. Muka yi musu biyar ba ko ɗaya, uku ni na ci. Na cire riga ina zagaya fili ina ihu, sai na ga ni kaɗai nake ihun. Yaran unguwa da suke buga mana jarka ba su zo ba. Dattawan da suke zuwa da kujerunsu ba su zo ba. Aka shimfiɗa leda, abin da aka ɗora a kai butar shayi ce da gurasar da Baba ya saya a hanya. Faisal yana zaune a dutsensa hannu rabbana, ko shi bai zo da komai ba.

Muka zauna, ƙarti muna kallon gurasa. Baba ya cire usur daga wuyansa ya ajiye a kan ledar.

"Na kafa abin nan don 'ya'yanmu su fito su san juna, su ji Hausa," ya ce. "Yau na duba fili, waɗanda na ci naman sunansu biyu na gani. Ni na yi da hannuna, ban ce laifin kowa ba ne. Amma in haka ne, halas, an gama. Juma'a mai zuwa ba wasa."

Nura, da yake ɗalibi ne, ya gyara zama zai kawo hujja. "Baba, a yi haƙuri, ƙwallo ai ba gado ba ce. Wanda ya iya shi ke bugawa. Ko ba ci ake nema ba?"

Faisal ya amsa masa da Larabci, ransa a ɓace. Ya ce, "Kun iya, mabruk. Amma kai in ka gama karatu Kano za ka koma. Wannan in takardarsa ta ƙare ya tafi. Mu muna nan. Ranar da kuka watse, wa zai rage da ya iya, tunda a kan dutse muka girma?"

Ni kuwa sai na tuna da kaina. Su Nura suna da jami'a da abokai, su Faisal suna da gidajensu. Ni in Baba ya ajiye usur ɗin nan, na koma ɗakin Ranuna da shinkafa, mako ya zagayo ba wanda zai kira sunana. Da aka watse na bi Baba har mota ina roƙo.

"Ɗana, maganar ta fi ƙarfina," ya ce. "Ko na busa usur, in mata ba su ɗora tukunya ba, ba ƙungiya. Je ka ga ƙanwata, uwar Faisal. In ta ce e, duk matan Harra sun ce e."

Ummu Faisal tana da ɗan tebur a Uhudu, inda maziyarta ke sauka, tana sayar da na'ana'a da lalle da dabino. Na roƙi mai shago ya ba ni rabin yini na tafi. Na same ta tana ɗaure na'ana'a, tsohuwa kakkaura, idonta kamar na mai binciken kaya. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunana.

"Au, kai ne Habun da ya zaunar mini da ɗa?"

"Hajiya, ni ban zaunar da kowa ba. Ƙafarsa ta hagu ce ta zaunar da shi."

Na faɗa kafin in yi tunani, na ce shi ke nan na ɓata. Sai ta fashe da dariya har tana dafe tebur. "Wallahi gaskiyarka, ta ubansa ya gado. Zauna." Ta turo mini kwali na zauna, ta miƙo mini dabino.

"Ka ji, ya waladi," ta ce. "Ba mu ƙi baƙo ba. A garin nan wa zai ƙi baƙo? Mu ma zuwa aka yi da mu. Amma ni in na tsaya gaban wuta da zafin nan ina tuƙa tuwo, so nake in yaron ya dawo in ga ƙura a ƙafarsa. Yanzu sai ya dawo mini fes kamar wanda ya je ɗaurin aure. Sauran ko fita ba sa yi, suna kwance suna latsa waya. 'Yar Hausar da suke tsinta a filin nan ma ta tafi. To in dafa wa wa?"

"To Hajiya, a raba mana. Baƙi shida, 'yan gida biyar."

"Shida! A gidan wa? Biyu."

"Haba Hajiya, biyu ai 'yan Uhudu sai su yi mana tsirara. Biyar."

Wasu maziyarta suka tsaya, ta juya ta sayar musu da lalle da Larabci, ta juyo kamar ba a katse ba. "Uku. Albarka."

"Huɗu, saboda Allah."

"Ka ga, ni tun kafin a haife ka nake ciniki a wurin nan. Uku. Kuma ranar Alhamis ku baƙin ku fito ku koya musu abin da kuka iya. Da Hausa! Wanda ya amsa da Larabci a sa shi zagaye fili."

Na ce na yarda, amma baƙon da bai buga ba shi ma a bar shi ya sa hannu a kwano. Ta harare ni. "Wa ya taɓa hana ku? Mayunwata kawai." Ta cusa mini ɗaurin na'ana'a a aljihu ta ce in tashi ina tare mata masu saye.

Baba ya mayar da usur wuyansa. Aka dawo da wasa a kan baƙi uku a fili, sauran su jira layinsu. Farko mun sha kashi, ba ƙarya. Nura yana ta gunaguni, biyu daga cikin ɗalibansa suka yi fushi suka koma wata ƙungiya. Amma 'yan gida suka fara dawowa, kowa rungume da kwanonsa, yaran jarka suka dawo, dattawa suka dawo da kujeru. Alhamis kuwa ta zama wasan kwaikwayo. Ni na ɗauki Faisal, na hana shi taɓa ƙwallo da dama. "Ɗaga kai! Me ka ajiye a ƙasa kake nema?" Ya ce, "Tayyib." Na ce, "Zagaye!" Ya zagaya yana zagina, kuma da Hausa yake zagin, don zagin ya fara ƙwarewa a kai. Baba yana kujera yana share hawayen dariya.

Da haɗuwarmu da 'yan Uhudu ta sake zagayowa, Baba ya tsaya ya kira baƙinsa uku. Idrisa a raga, don ba ɗan gidan da ya yarda ya tsaya gola. Nura a baya. Na riga na miƙe ina kaɗa ƙafa, sai na ji ya kira wani ɗan Damagaram a tsakiya. Gaba kuma Faisal.

"Baba! Ni fa na je na yi cinikin nan!"

"Shi ya sa ka fi kowa sanin uku ne. Zauna."

Na zauna a kan dutsen Faisal ina huci. Wallahi na ji haushi, har na ce a raina da na sani da na tsaya a kan huɗu ko za ta kore ni. Amma ana fara wasa na manta, na fi kowa ihu. Suka ci mu ɗaya, wani ɗan gida ya farke da ka. Aka yi ta fafatawa kunnen doki har rana ta yi ƙasa. Ɗan Damagaram ya fara ɗingishi, Baba ya waiwayo. "Funtuwa, shiga. Kada ka ba ni kunya."

Ban jima da shiga ba Nura ya ɗago mini wata doguwa. Na tare da ƙirji, na yanke ɗan bayansu, na ga raga a buɗe. Na ce yau sai Madina ta san da ni. Na ɗaga ƙafa na narka mata duka da dukkan ƙarfina, sai wani ɗan dutse ya ɗaga ta, ta goge gefen takalmina ta gangara can hagu, inda ban ko kalla ba. Faisal na wurin. Ya sa mata ƙafar hagun nan, ta shige.

Wayyo daɗi! Jarka ta ɗauka, dattawa suka watsar da kujeru, daga tagogin gidajen da ke bakin fili muka ji guɗa. Faisal ya rugo ya ɗaga ni sama yana ihu wai na ba shi alhali ina iya ci da kaina. Baba ya rungume ni yana cewa, "Ka ga ɗan halak! Bai yi son kai ba!" Na ce, "Ai Baba, ƙwallo ta jama'a ce." Me zan ce? Nura ne kaɗai ya matso ya raɗa mini, "Malam, na ga abin da ya faru." Na ce ya rufa mini asiri, lomar nama ta farko tasa ce.

Ranar leda ɗaya ba ta isa ba, sai da aka ƙara ta biyu, har 'yan Uhudu muka kira suka zauna. Ana cikin buɗe kwanuka na ga Faisal ya ajiye nasa, ya koma ya ɗauko wani, sabo fil, ɗaure da ƙyalle. Ya zo ya ajiye a gabana. Ya yi gyaran murya, ya haɗa Hausarsa da ƙyar:

"Ummi ta ce wannan naka ne. Ba nawa ba. Naka. Kowace Juma'a."

Tun safe ta ɗaure shi, kafin a buga komai, tana kuma sane a kan dutse zan fara. Baba ya dubi kwanon, ya dube ni, ya busa usur kowa ya yi tsit.

"Ku saurara. A ƙungiyar nan tun asali ɗan gida shi ne mai kwano. Funtuwa ya yi kwano. Daga yau ba ya cikin ukun."

Wuri ya kaure da tafi. Nura ya ɗaga hannu yana ihu, "Baba, mu ma a nemo mana uwa!" Baba ya ce, "Ku yi ladabi, matan Harra suna kallo." Ni dai na sunkuyar da kai na kwance ƙyallen. Hawayen nan marasa kunya suka sake zuwa, wannan karon ba wanda ya tambaya ko yaji ne.

Washegari na wanke kwanon tas, na goge, na nufi gidansu kafin in wuce shago. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, na ja gefe ina jiran a aiko wani ya karɓa. Daga ciki na ji muryarta.

"Wane ne?"

"Habu ne, Hajiya. Kwano na kawo."

"To tsayuwar me kake yi a waje kamar mai kawo takarda? Kuma wace ce Hajiya? Ummi ake cewa a gidan nan. Shigo ka ajiye, ka ɗauki tukunyar gas ɗin nan ka canzo mini, ɗan'uwanka ya ƙi tashi."

Na cire takalmi na shiga. Ranar na makara a shago, mai shago ya yi ta faɗa, ya tambaye ni ina na tsaya. Na ce masa aike na aka yi a gida.